Layin da Na Ƙara a Takardar Sajo

Kafin ku fara tausaya mini, bari in gaya muku gaskiya: ba wanda ya jefa ni cikin ramin nan. Ni na haƙa shi da jan bik ɗina, alƙalamin da nake gyaran takardu da shi, ina haƙa ina yaba kaina.

Sunana Zulai, shekarata ashirin da bakwai, ina koyar da Ingilishi a kolej ɗin Agye. Gidanmu yana Gazawa, can nake tafiya duk Juma'a bayan an tashi lakol, wato makaranta, in dawo ranar Lahadi. 'Yan ajina suna kirana Madam Ja-ja a bayan idona, don ba takardar da ke fita hannuna ba ta sha jan bik ba. Na san da sunan, kuma da har daɗinsa nake ji.

Babana, Malam Tsoho, injin niƙa gare shi a bayan kasuwar Gazawa, yau shekara ashirin da biyu. A cikin ƙararsa na girma. Da shi aka saya mini kaye na rubutu da littattafai har na gama jami'a a Maraɗi, kuma shi ne ya cinye kunnen Baba, don yanzu sai ka matso ka ɗaga murya yake jin ka. Filin da rumfar injin take ba namu ba ne. Na Alhaji Chindo ne, aro ya ba Baba tun ban shiga lakol ba, bai taɓa cewa a tashi ba.

Alhaji Chindo yana da ɗa, Maharazu, mai sayar da kayan babur da yake ɗaukowa daga ƙetaren iyaka. Shekara biyu ke nan yana nemana. Da mugu ne ko mummuna da na huta, sai in nuna wa kowa dalilina. Ba ko ɗaya. Mutum ne mai shadda da turare da yawan alheri, abu ɗaya ne kawai: tunda na san shi ban taɓa fara magana ya bar ni na kai ƙarshenta ba. Shi yake ƙarasa mini, kuma kullum ba abin da nake nufi yake ƙarasawa ba.

Baba ya ce shi ba ya yi wa ɗiyarsa dole. Mahaifiyata, Inna Habi, ita ce ba ta gajiya. Duk Juma'a ina ajiye jaka take farawa: "Ke Zulai, mutanen da sunka yi muna rana, mu za mu yi musu dare? Shekara nawa ubanki shina cin arzikin hilinsu?" Ni kuwa sai in shige ɗaki in rufe ƙofa, in buɗe waya in duba ko Sajo ya rubuto.

To, ga Sajo.

A babban hutun da ya wuce wata ƙungiya mai kula da lafiyar dabbobi ta ɗauke ni in koya wa ma'aikatanta Ingilishi a nan Agye, saboda sabuwar shugabarsu, wadda suke kira Madam, daga wata ƙasa ta zo inda ba a jin Faransanci, kuma duk takardar da za a kai mata da Ingilishi take so. Sajo yana cikin ɗalibaina. Bafulatani ne dogo, daga wata ruga a arewacin Gazawa, kullum cikin rigar aiki mai aljihu da yawa da rawani shuɗi. Aikinsa zama da waya a buro, wato ofishinsu da ke Gazawa. Makiyaya suna kiransa daga daji su faɗa masa abin da ke damun dabba, wani har ya kara wayar a bakin saniya don Sajo ya ji irin tarin da take yi, shi kuma ya ce a ba ta kaza, ko ya tura mai allura. Da kunnensa yake cin abinci.

Ranar da aka gama karatu ya ajiye mini cuku a naɗe cikin takarda da kwalbar man shanu, bai kalle ni ba ya ce, "Malama, in an gama kaka, kawuna shina so shi zo shi gaida mutanen gidanku." Ni da nake gyara wa mutane jimla, ranar na rasa tawa. Ina son sa, ba sai na ɓoye muku ba.

Ranar Litinin ɗin da ta wuce, lokacin shan iska, ina zaune a ɗakin malamai ina cin ƙosai wayata ta yi ƙara. Hoto ne ya turo ta wasaf, takarda da rubutun hannunsa, a ƙasa ya rubuta:

"Malama, jam, lafiya? Don Allah ki duba mini wannan. Madam zan ba."

Na goge mai daga yatsuna na buɗe hoton. Koke ne a kan hayaniya. Ya rubuta cewa akwai ƙara kusa da ɗakin da yake aiki, tun safe har la'asar, ba ya jin masu kira sosai, kuma kunnensa na hagu ya fara yi masa ciwo. Wannan ne abin da yake so ya faɗa. Amma kafin ka iso wurin sai ka ƙetare gaisuwa layi shida, da neman gafara sau bakwai. Na ƙirga. Ƙaramar kalmar nan ta *the* kuwa ya watsa ta ko'ina kamar mai shukar gero. Ya ba hayaniya fi'ilin jam'i sai ka ce garke ce, abin da ke faruwa yanzu ya saka shi a jiya, kuma a duk takardar bai faɗi ko sau ɗaya abin da ke yin ƙarar ba.

Na yi dariya ni kaɗai, na kwafe ta a kaye, na zaro jan bik. Na daidaita lokutan fi'ili, na tsince kalmomin da suka yi yawa, na bar neman gafara guda ɗaya tak. Sannan na kira shi.

Da ƙyar nake jin sa. Wani gurnani ne a bayansa mai girgiza wayar, sai da ya fita waje ya yi nisa.

Na ce, "Sajo, mi ke wannan ƙara? Gurup ɗin buronku ne?" Na ɗauka injin ba da wuta ne, don kuran, wato lantarki, ba ya zama a Gazawa.

Ya ce, "A'a, Malama. Injin wani dattijo ne. Maƙwabci."

"To don mi ba ka rubuta ba? Koke ba ya tahiya babu sunan abin da ake kuka da shi."

"Dattijo ne, Malama."

"Na ji dattijo ne. Kai kuma kunnenka na aro ne? Mi kake so Madam ta yi in ta karanta?"

"Ko a canza mini ɗaki. Ko a yi haƙuri hakanan."

"Akwai wani ɗakin?"

"Babu. Duk gidan ƙarar tana kai."

Nan fa Madam Ja-ja ta tashi. Na ce masa Ingilishi ba ya son kewaye-kewaye, Madam ba Bafulatana ba ce da za ta tsaya tana lalubo nufinsa a ƙarƙashin kunya. Na ce a takardar aiki ana faɗin matsala, a faɗi illarta, a faɗi abin da ake so a yi. Na sa bik na ƙara masa layi ɗaya a ƙarshe, da hannuna, wanda babu shi a cikin tasa: cewa yana roƙon ƙungiya ta nemi mai gidan da suke haya ya sa a kawar da injin maƙwabcin daga jikin bango, tunda aikin ba zai yiwu da shi ba. Na karanta masa, na fassara.

Ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Malama, wannan layi ta yi nauyi."

"Layi *ya* yi nauyi," na gyara masa, har da dariyata. "Kuma nauyin ake so. Ka buga ta haka ka kai. In ka cire ko waƙafi ɗaya na daina duba maka takarda."

Wasa nake yi, wallahi wasa nake yi. Ya ce, "To, Malama. Useko." Godiya ke nan da Fulatanci. Ya kashe.

Na wuni ina jin kaina a sama. Har na nuna wa wata abokiyar aikina takardar ina cewa ta ga yadda ake mayar da kuka ya zama magana. Ban tambaye shi wane dattijo ba ne. A sanina buronsu yana kusa da tasha, nesa da duk wani abu nawa, ban san sun tashi ba. Rashin sani ya fi dare duhu, amma nawa rashin sanin da taimakon girman kai a ciki.

Ranar Juma'a na sa atamfata koriya mai zanen ganyen kuka da farin mayafi, na shiga motar haya zuwa Gazawa. Na sauka na hau kabu-kabu, na ce ya bi ta bayan kasuwa in gaida Baba a wurin inji kamar yadda na saba in na iso da wuri. Wata biyu rabona da bin hanyar, kullum magariba ke kawo ni.

Tun daga nesa na jiyo injin. Mata sun yi layi da kwanoni da tiyoyin sabon gero, ƙurar gari ta yi fari a kan rufin rumfar. Sai idona ya sauka a kan sabon gidan da Alhaji Chindo ya gina a sauran filin, wanda na bari ba kowa a ciki. An yi masa fenti. A bakin ƙofa ga allo da hoton kan saniya da sunan ƙungiyar su Sajo. Bangon gidan da rumfar Baba, ko akuya ba za ta wuce tsakaninsu ba.

Na ce wa mai babur, "Tsaya." Ya tsaya. Na ce, "A'a, wuce." Ya waiwayo ya kalle ni ya wuce.

A ƙarƙashin wata bishiyar bedi kusa da gidanmu na sauka, na rubuta wa Sajo:

"Sajo, injin Babana ne?"

Alamar ya karanta ta fito. Ya fara rubutu ya daina, ya fara ya daina. Sannan:

"E, Malama."

"Ka sani tun ranar?"

"Tun randa munka tare a gidan."

"Don mi ba ka hwaɗa mini ba?!"

Wannan karon saƙon murya ya turo. Na kara a kunne. Muryarsa a hankali, injin yana gurnani can baya.

"Malama, mu a wurinmu, wanda kake so shi zama surukinka ba ka kama sunanshi. Ko hanya kunka haɗu, kauce mishi kake yi. Yaya zan buɗe baki in ce miki babanki ne ya dame ni? Shi ya sa na rubuta ta hakanan, babu suna, ko Madam ta gane da kanta ta nemo mini wata dabara. Da kinka ƙara layin na ce miki ta yi nauyi. Kinka ce in kai. Na ce miki a'a sau ɗaya, ban iya na biyu ba."

Na tsaya da wayar a hannu. Duk abin da na kira kuskure na soke da ja, gaisuwar nan da neman gafarar nan da rashin faɗin suna, ashe katanga ce ya gina ya kare mahaifina da ita. Ni na bi na rushe ta layi-layi, har ina koya masa yadda ake magana.

Na rubuta, "Ka kai takardar?"

"Tun Talata."

"Kunnen hwa?"

"Na je likita jiya. Sun ce na hagu ya ragu. In na ƙara wata uku a ɗakin, na dama ma zai bi shi. Kada ki damu, Malama."

Kada in damu. Ku ji fa.

Na shiga gida da sallama. Takalman da na gani a bakin zaure sun gaya mini wanda ya zo tun kafin turarensa ya gaya mini. A tsakar gida an shimfiɗa babbar tabarma a inuwar ɗakin Baba. Maharazu yana zaune cikin shadda ruwan toka, hula a karkace, makullin mota a gefensa. Inna tana bakin madafa tana tankaɗe, ta sa ɗankwalinta na fita kunya. Baba kuwa an kira shi daga wurin inji, ya bar wa ƙanensa aikin, ko wanka bai yi ba, gari fari fat a girarsa da gemunsa. A hannunsa akwai takardu biyu.

Yana ganina fuskarsa ta washe. Da ƙarfi yake magana, kamar duk wanda ba ya jin kansa.

"Yawwa! Ga mai abin ta zo. Maharazu, ba na ce maka ba? Mu ba mu zuwa neman mai karanta muna Ingilishi a waje. Zo nan, Zulai, zamna kusa da ni."

Na durƙusa na gaishe su. Maharazu ya ce, "Malama an sha hanya. Wata 'yar takarda ce mutanen buro sunka aiko ma Alhaji, shi ko ya ce a kawo ma Baba shi gani da idonshi, kada a ce an yi mishi ƙage."

Baba ya miƙo mini. Ta sama daga Madam ce, gajera, da hatimi. Ta ƙasa kuwa ko ban karanta ba na san ta. Ko waƙafi ɗaya Sajo bai cire ba.

"Karanta ki juya muna da Hausa," in ji Baba. "Duka. Kada ki rage."

Na fara da ta Madam. Ta ce ma'aikacinsu ya kawo koke, likita ya tabbatar, don haka suna ba mai gida zuwa ƙarshen wata: ko a kawar da injin, ko su tashi su bar gidan.

"Iye?" Baba ya kara tafin hannu a bayan kunne. "Ɗaga murya, ɗiyata."

Na ɗaga. Na sake faɗa da ƙarfi har Inna ta daina tankaɗe. Sannan na shiga ta biyun. Na karanta gaisuwar da na rage, da neman gafara ɗayan da na bari, da maganar masu kira daga daji da ba a jin su, da kunnen hagu. A nan Baba ya gyaɗa kai a hankali, ya taɓa nasa kunnen.

"Wannan gaskiya ya hwaɗi," ya ce. "Injin nan ba shi da tausai. Yaron kirki ne kuwa, dogon nan mai rawani. Kullum in ya hango ni sai shi canza hanya, na ɗauka tsoron gari shikai."

Saura layi ɗaya. Na tsaya.

"Ya ƙare?"

"Saura kaɗan, Baba."

"To hwaɗi mana."

Jama'a, na matsa bakina kusa da kunnen mahaifina, kunnen da ya kashe don in yi karatu, na ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, na gaya masa da Hausa cewa ana roƙon a kawar da injinsa daga jikin bango tunda aiki ba zai yiwu da shi ba. Kalma bayan kalma, yadda na tsara su ranar Litinin ina cin ƙosai.

Baba ya kalli hannuwansa. Ban taɓa ganin tsufansa ba sai ranar.

"A kawar," ya maimaita. "In kai shi ina? Matan unguwar ga nan sunka sani."

Inna ta ce, "Bafillacen nan ne? Wanda ya ba ki cuku?" Ba ta jira amsa ba. "To kin gani. Tun bai shigo gida ba ya fara da tukunyarmu."

Na buɗe baki in ce ba haka ba ne, Maharazu ya riga ni.

"Inna, a bar tada hankali. Alhaji dai ya ce hayar buro ba abin wasa ba ce, ba ya iya korarsu saboda aro. Amma na ce mishi, in da abin gida ɗaya ne, wa zai tada injin surukinshi don baƙi? Su tashi mana, gida ba ya rasa mai haya." Ya yi murmushi, bai kalle ni ba. "Ya ce in dai hakanan ne, shi ba shi da ta cewa. Yana jiran ji daga gare ku kahin ƙarshen wata."

Inna ta sauke ajiyar zuciya mai ƙarfi, ta kalle ni irin kallon da ba ya bukatar fassara. Ga hanya an buɗe, saura in bi. In na ce e, injin Baba ya zauna, su Sajo su tashi su sami wuri mai shiru, kunnensa ya tsira, kowa ya huta. Ni kaɗai ce za a rasa a cikin lissafin, kuma ba wanda ya tilasta mini. In na ce a'a, ni da hannuna na tashi mahaifina daga inda ya yi shekara ashirin da biyu.

Baba bai ji abin da Maharazu ya faɗa ba, ko kuma ya ji ya ƙi ɗauka. Ya karɓi takardar Sajo yana juyawa a hannu, ya bar mata shaidar yatsa da gari.

"Ni abin da ya ba ni mamaki," ya ce, "yaron nan Hausa ma da ƙyar take zama a bakinshi. Wannan magana mai kaihi haka ba tashi ba ce. Wani ya tsara mishi, wanda ya san inda ake soka wuƙa. Allah ya isa ban cewa, amma ko wane ne bai san darajar tsoho ba." Ya juyo gare ni, idonsa ya yi haske. "Zulai, ke za ki ba su amsa. Ki ɗauko jan alƙalamin nan naki. Ki rubuta ma Madam ɗin, ki nuna musu Malam Tsoho ma yana da mai Ingilishi a gida. Wanda ya rubuta wannan ya iya, amma bai kai ɗiyata ba."

Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Na san Sajo ne, ban duba ba. Na ji in ban faɗa yanzu ba, ba zan taɓa faɗa ba. Kaina a sunkuye, da muryar da ta rage mini, na ce:

"Baba, ni ce na rubuta layin."

Rariya ta suɓuce daga hannun Inna. Maharazu ya ɗago kai a hankali ya dube ni, karo na farko tun da na shigo, na ga maganar ta shige shi ta zauna daram.

Baba ya kara hannu a bayan kunne, yana murmushi, ya matso da kansa kusa da ni.

"Na'am? Mi kinka ce, ɗiyata? Ɗaga murya."

Na ja numfashi. Na buɗe baki.

Maharazu ya sunkuyo wajen kunnen Baba, ya ɗaga murya tar, idonsa a kaina.

"Cewa ta yi ta amince, Baba. Duk abin da anka ce, za ta yi."